Ba Su Yi Ƙarya Ba, Ba Su Kuma Faɗi Gaskiya Ba: Yadda Bishop-bishop ke Sanar da Zargin Lalata

A shekarar 1997, ofishin babban bishop na ɗariƙar Katolika a Dublin, babban birnin Ireland, ya fitar da sanarwa bayan kotu ta kama wani limamin coci da laifin lalata da yara. Sanarwar ta ce cocin ya ba ’yan sanda haɗin kai a binciken. Marie Collins, wadda limamin ya ci zarafinta tana yarinya kwance a gadon asibiti, kuma ita ta kai ƙarar, ta san ba haka aka yi ba. Da aka bi ba’asi, amsar da ta fito daga ofishin ita ce: mun ce mun ba da haɗin kai, amma ba mu ce mun ba da cikakken haɗin kai ba.

Wannan na cikin rahoton kwamitin Mai Shari’a Yvonne Murphy, wanda ya fito a Nuwamban 2009. A gaban kwamitin, Kadinal (muƙamin da ke bin na Fafaroma a cocin) Desmond Connell, tsohon babban bishop na Dublin, ya yi bayanin dabarar da kansa. Ya ce addini bai yarda a yi ƙarya ba, amma idan aka matsa wa mutum lamba, yana iya yin magana mai harshen damo, yana sane da cewa mai sauraro zai ɗauki abin da ba shi ne ba. Shi ma ya taɓa yin haka. An tambaye shi kan biyan diyya, ya ce ba a amfani da kuɗin coci wajen haka. Ashe ya riga ya ba wani limami rancen kuɗin da ya biya wanda ya lalata. Hujjarsa daga baya: ya ce ba a amfani da su, bai ce ba a taɓa yin amfani da su ba.

Duk wanda ya bi sanarwar cocin Katolika a ƙasashen Turai da Amurka cikin shekaru talatin ɗin nan zai ga cewa ƙarya tsagwaronta ba ta da yawa a ciki. Abin da ya fi yawa shi ne jimlolin da kowace ɗaya gaskiya ce, amma an jera su yadda mai karatu zai tashi da fahimtar da ba ita ba. Kuma akwai jimla ɗaya da kusan kullum ake tsallakewa: yaushe bishop ya fara jin labarin, me kuma ya yi a ranar.

Kafin a fahimci dalili, sai an san tsarin. Dayosis yanki ne da bishop ɗaya ke shugabanta, akwai kimanin 3,000 irinsa a duniya. Bishop ba shi da ubangida sai Fafaroma. Maƙwabcinsa ba ya ba shi umarni, taron bishop-bishop na ƙasa ma ƙarfinsa taƙaitacce ne. Saboda haka kowace dayosis da nata bakin. A kan takardar sanarwa guda kuwa hannaye da yawa ke sauka. Lauya yana tsoron kalmar da za a ɗauko a kotu a ce an amsa laifi. Kamfanin inshora yana lissafin diyya. Masanin dokar coci yana tuna wa bishop sashe na 220 na kundin dokokin 1983, wanda ya hana ɓata sunan mutum ba bisa ƙa’ida ba, da sashe na 1717, wanda ya ce a yi binciken farko cikin kula kada a zubar wa kowa mutunci. Jami’in hulɗa da jama’a yana tunanin kanun jaridun gobe. Wanda aka ci zarafinsa, idan an tuna da shi, sai takarda ta kusa fita. Ga kuma sashe na 489, wanda ya wajabta wa kowace dayosis ajiye wata ma’adanar takardun sirri, mabuɗinta a hannun bishop kaɗai. Abin da ke cikin wannan ma’adana da abin da ake karantawa a coci ranar Lahadi sun daɗe ba sa ga maciji.

Inda aka fi ganin tazarar ƙarara shi ne jihar Pennsylvania ta Amurka. Ranar 14 ga Agustan 2018, babban lauyan jihar, Josh Shapiro, ya fitar da rahoton wani kwamitin bincike na mutanen gari da kotu ta naɗa. Sun shekara biyu suna tonon takardun dayosis shida, suka samu limamai sama da 300 da yara sama da 1,000 a cikin shekaru 70. Sun kuma zayyana salon da ya maimaitu daga wannan ofishi zuwa wancan, kamar an haɗa baki. Ba a rubuta fyaɗe, sai a ce taɓawar da ba ta dace ba, ko wuce iyaka. Binciken limamai ’yan’uwan wanda ake zargi ake ba, ba ƙwararru ba. Idan ya zama dole a ɗauke limami, ba a gaya wa mutanen cocinsa dalili. A ce ya tafi hutun jinya, ko gajiya ta kama shi, ko a yi shiru kawai. Idan surutu ya yi yawa, a sauya masa gari inda ba a san shi ba. ’Yan sanda kuwa, kada su ji.

Sai ka duba yadda wannan ke sauka a kunnen iyaye. Ranar Lahadi an tashi an ce fada, wato limamin cocin, ba shi da lafiya, a sa shi a addu’a. Uwar da ɗanta ya daina cin abinci, ya daina son zuwa coci, tana cikin masu addu’ar. Ba ta da abin da za ta haɗa wannan da wancan. Yaron kuma ya ga dukan gari na yi wa mutumin fatan alheri, ya ƙara ja bakinsa ya tsuke. A Pennsylvania, limamai biyu kacal aka iya gurfanarwa sakamakon binciken, domin wa’adin shigar da ƙara ya wuce a kusan dukan sauran. Shirun ofis ne ya cinye wa’adin.

Abin mamaki, rahoton ya zo ne shekaru 16 bayan cocin Amurka ya yi alƙawarin sauya hali. A Janairun 2002 jaridar Boston Globe ta bankaɗo yadda aka riƙa yawo da limami John Geoghan daga coci zuwa coci. Kafin shekarar ta ƙare Kadinal Bernard Law na Boston ya ajiye muƙaminsa. A watan Yunin shekarar, bishop-bishop suka taru a Dallas suka sa hannu a wata yarjejeniya: a kai wa hukuma rahoto, a cire duk limamin da aka tabbatar ya taɓa yaro ko sau ɗaya, a kafa kwamitin tantancewa wanda mafi yawan mambobinsa ba ma’aikatan coci ba ne, a daina sa waɗanda aka biya diyya rantsuwar yin shiru sai in su suka nema, a kuma yi wa jama’a bayani a fili. Gaskiya a faɗe ta, yarjejeniyar ta yi aiki. Yawancin abin da Pennsylvania ta tono ya faru kafin 2002. Sai dai ta bar ƙofa biyu a buɗe. Ba ta taɓa bishop-bishop ɗin kansu ba, ba ta kuma tilasta a buɗe tsofaffin takardu ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi fitowa a talabijin suna kare sabon tsarin a 2002 shi ne Kadinal Theodore McCarrick na Washington. A Yunin 2018, ranar da dayosis ɗin New York ta sanar da cewa an samu zargi mai tushe a kansa, dayosis ɗin Newark da Metuchen suka fito suka ce tuntuni sun karɓi ƙorafi uku a kansa game da manya, har an sasanta biyu da kuɗi. Shekara da shekaru suna da labarin.

Bayan Pennsylvania sai aka shiga yayin jerin sunaye. Ba sabon abu ba ne, Kadinal William Keeler na Baltimore ya yi tun 2002, amma yanzu ya zama ruwan dare. Bishop Ronald Gainer na Harrisburg ya fitar da sunaye 71 makonni biyu kafin rahoton, ya kuma sa aka cire sunan duk bishop ɗin da ya riƙe dayosis ɗin tun 1947 daga jikin gine-ginen coci. Wasu suka bi ta wata hanyar: ofishin Kadinal Donald Wuerl na Washington, tsohon bishop na Pittsburgh a Pennsylvania, wanda sunansa ya fito sosai a rahoton, ya buɗe shafin intanet na musamman don wanke shi. Ba a jima ba aka sauke shafin saboda tofin Allah-tsine, a Oktoba kuma Fafaroma ya karɓi murabus ɗinsa.

Jerin sunayen ma da nasa ramin. Kusan kowace dayosis tana cewa ga limaman da aka samu zargi mai tushe a kansu. To, wa ke yanke cewa zargi na da tushe? Dayosis ɗin ce, kowacce da mudunta. Wata ba ta sa wanda ya mutu kafin a kai ƙara. Wata ba ta sa limaman ƙungiyoyin zuhudu, wai ba a ƙarƙashin bishop suke ba, ko da a makarantarsa suka yi ta’asar. Wata ta ba da suna ba ta faɗi cocin da mutum ya yi aiki ba, wanda shi ne abin da zai sa wani ya tuna. A Disambar 2018 babbar lauyar jihar Illinois, Lisa Madigan, ta ce dayosis shida na jihar sun bayyana sunaye 185, alhali takardunsu na ɗauke da zargi a kan limamai 690. Rahoton ƙarshe da magajinta Kwame Raoul ya fitar a 2023 ya lissafa limamai da ’yan zuhudu 451 da yara aƙalla 1,997. Wanda ya karanta jerin farko zai zaci an zazzage buhu, alhali bakinsa kawai aka kwance.

Amma ɗaya ɓangaren ba wasa ba ne, kuma duk sharhin da ya tsallake shi bai yi adalci ba. Zargi ba hukunci ba ne. A Nuwamban 1993 wani mutum ya zargi Kadinal Joseph Bernardin na Chicago, labari ya zagaye duniya. Bernardin ya fuskanci ’yan jarida ya musanta, bayan ’yan watanni mai ƙarar ya janye, ya ce ba zai iya dogara da abin da yake tunawa ba. A Ostireliya Kadinal George Pell ya shafe sama da shekara a kurkuku kafin kotun ƙoli ta soke hukuncin a Afrilun 2020. Limamin ƙauyen da aka karanta sunansa a coci, ko an wanke shi daga baya, tabon ba ya gogewa, mamaci kuwa ba shi da bakin kare kansa. Wannan ne ya sa littafin jagora da Vatican ta fitar a 2020 ya ce sanarwa ta zama gajera, a tsaya kan abin da ya zama dole, a guji kwarmato, kada kuma a riga shari’a yanke hukunci. A 2024 ofishin fassara dokoki na Vatican ya rubuta wasiƙar da ke nuna rashin amincewa da wallafa sunan wanda ba a tabbatar wa laifi ba, musamman matattu. Ita Vatican ɗin ce kuma a Mayun 2019 ta wajabta wa kowace dayosis, daga Boston har Kaduna da Maraɗi, buɗe hanyar kai ƙorafi da kowa zai iya bi, a Disambar shekarar kuma ta cire waɗannan shari’u daga cikin sirrin fadar Fafaroma. Bishop yana tsakanin umarni biyu: buɗe ƙofa, amma kada ka ɗaga murya.

A ganina matsalar ba ta taɓa zama kare sunan wanda ake zargi ba. Matsalar ita ce an daɗe ana fakewa da sunansa ana kare sunan ofis. Bambancin a bayyane yake. Bishop zai iya ɓoye sunan limamin da bincikensa bai kammala ba, ya kuma faɗi ranar da ƙorafi ya iso teburinsa, ranar da ya kira ’yan sanda, ranar da ya dakatar da mutumin. Waɗannan ranaku ba sa ɓata sunan kowa sai na wanda ya yi jinkiri.

Babu inda aka ga tsadar rashin iya magana kamar Kolon, ɗaya daga cikin dayosis mafi girma da arziki a Jamus. A 2018 wani binciken jami’o’i ya gano limamai 1,670 da yara 3,677 a faɗin ƙasar tsakanin 1946 da 2014, amma ba a ambaci sunan kowa ba. Kadinal Rainer Maria Woelki ya ce shi a Kolon zai faɗi sunayen shugabannin da suka yi rufa-rufa, ya ɗauki wani kamfanin lauyoyi na Munich ya yi aikin. Mutane suka yaba. Aka sa ranar fitar da rahoto a Maris na 2020, aka ɗage. A ƙarshen Oktoba sai aka ce ba za a fitar da shi ba sam, wai akwai kurakurai a hanyar binciken, kuma waɗanda aka ambata za su iya kai ƙara. Sanarwar ta ce majalisar waɗanda aka ci zarafinsu ta amince da hakan. Kwanaki kaɗan wasu ’yan majalisar suka fito suka ce an yi amfani da su ne, an sa su amincewa da binne rahoton da ba su karanta ba. Masu magana da yawunta suka ajiye aiki. A watan Nuwamba maƙwabciyarsu Aachen ta fitar da nata rahoton, na wannan kamfanin dai, sama ba ta faɗo ba.

Daga nan kowane yunƙurin gyara sai ya ƙara dagula ruwan. A daren Kirsimeti Woelki ya nemi gafara, amma da aka saurara da kyau, gafarar ta abin da mabiya suka jure ne na sukar da ake yi masa. A Janairun 2021 aka gayyaci ’yan jarida za a nuna musu wani ɓangare na rahoton, da sharaɗin su sa hannu ba za su faɗi abin da suka gani ba. Suka ƙi, suka fice. A Jamus barin coci ba a baki ake yi ba: mabiyi na biyan harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin ɗari a kan harajin albashinsa, kuma sai ya je ofishin hukuma ya sa hannu kafin a daina cire masa. A Fabrairu, masu neman ranar ficewa suka yi wa shafin kotun Kolon yawa har ya tsaya cak.

Ranar 18 ga Maris aka fitar da sabon rahoto, na lauya Björn Gercke. Ya lissafa mutum 202 da ake zargi da 314 da abin ya shafa daga 1975 zuwa 2018, ya samu manyan jami’ai da sakaci har sau 75. Ya kuma nuna cewa marigayi Kadinal Joachim Meisner, wanda Woelki ya gada, yana da wani fayil na kansa da ya sa wa suna ’yan’uwa a cikin hazo. Woelki kuwa rahoton bai same shi da laifi ba. Wato mutumin da aka shafe wata biyar ana zargin yana ɓoye laifinsa, takardar da ta fito ta wanke shi, amma babu mai saurare kuma. Fafaroma Francis ya aiko masu bincike biyu, a Satumba Vatican ta ce ba a samu hujjar rufa-rufa ba, sai dai Kadinal ɗin ya tafka manyan kurakurai, musamman wajen sadarwa. Aka ba shi hutun kusan wata biyar. A ƙarshen shekarar dayosis ɗin ta bayyana cewa ta kashe kimanin Yuro miliyan 2.8 a kan rahotanni da lauyoyi da masu ba da shawarar gyaran suna, alhali abin da ta biya waɗanda aka zalunta tun 2010 bai wuce kimanin miliyan 1.5 ba. Katolika 359,338 ne suka bar cocin a Jamus a 2021, sai 522,821 a 2022. Ba Kolon kaɗai ta jawo haka ba, amma sunanta ne ke bakin mutane.

Abin da Kolon ta nuna shi ne bakin bishop ya daina zama shaida a kan kansa. Ko gaskiya ya faɗa, sai wani na waje ya sa hannu: alƙali, babban lauyan jiha, kwamiti mai zaman kansa irin wanda Jean-Marc Sauvé ya jagoranta a Faransa, wanda a Oktoban 2021 ya ƙiyasta cewa limamai da ’yan zuhudu sun ci zarafin yara 216,000 tun 1950. Fafaroma da kansa ya ɗanɗana wannan a Chile a Janairun 2018, da ya kira zargin da ake yi wa Bishop Juan Barros ƙazafi. Bayan wata uku ya rubuta wasiƙar amsa cewa ya yi babban kuskure, a Mayu bishop-bishop ɗin ƙasar suka miƙa masa takardun murabus gaba ɗayansu.

Za a zaci bayan duk wannan an bar maganar hutun jinya. A Yunin 2020 Bishop Michel Santier na Créteil, a gefen Paris, ya shaida wa mabiyansa cewa zai sauka saboda rashin lafiya. Ba ƙarya ya yi ba, ba shi da lafiyar. Abin da bai faɗa ba shi ne ƙorafi a kansa ya riga ya isa Roma: samari biyu da ya yi amfani da matsayinsa na jagoran ibada ya ci zarafinsu a shekarun 1990. Vatican ta hukunta shi a Oktoban 2021, watan da bishop-bishop ɗin Faransa ke karɓar rahoton Sauvé suna alƙawarin an daina ɓoye-ɓoye. Ba wanda ya sanar da hukuncin. Daga cikin hujjojin da aka kawo daga baya har da cewa mutanen biyu ba su so a yayata ba, kuma wannan hujja ce mai nauyi, domin ba kowa ke son duniya ta san abin da aka yi masa ba. Sai dai sunansu ba shi ake nema ba. A Oktoban 2022 jaridun Katolika suka fasa ƙwai, mabiya suka yi zanga-zanga suna cewa an mayar da su yara. Cikin mako guda babban bishop na Rouen, Dominique Lebrun, ya sanar da cewa wasu mutanen sun fito da irin wannan ƙorafi a kan Santier, kuma an miƙa batun ga mai gabatar da ƙara na gwamnati.